Lokacin Wa Nake Ci?

Na iso Gure ranar 20 ga Disamba 2023 da kaye guda a jaka da alkawari guda a wuya. Kayen na ɗauke da shafi goma sha ɗaya na wani gajeren labari da na fara tun a Yamai. Alkawarin kuwa ku na yi wa shi, ƴan ƙungiya, cewa kafin a koma daga hutu labarin zai kammala ya shiga wannan ɗan littafi namu. To ga littafin a hannunku, kun duba, babu labarin. Abin da ya hana shi zuwa zan rubuta a madadinsa, don tambayar da ta taso mini a kwanakin nan ta fi labarin damuna.

Washegarin isowata da hantsi na shimfiɗa tabarma a bayan ɗakin Inna, inda iskar hunturu ba ta kaiwa sosai, na buɗe kaye. Ban cika layi uku ba na ji muryarta: "Ke, tunda ba ki aikin komi, taso ki riƙe mini wannan."

Ɗalibar ilimin harshe ce ni, saboda haka ku yi mini haƙuri in tsaya a kan wannan jimla. Inna ba gatse ta yi ba, abin da idonta ya gani ta faɗa. A gidanmu aiki shi ne abin da ake ganin jiki na yi, daka da shara da wanki da hura wuta. Mai rubutu a zaune take, kai sunkuye, wani lokaci ma bik na bakinta tana kallon katanga. Duk wanda ya leƙo zai rantse zaman banza take yi. Mafita guda ce: in na ce karatu nake yi, na jarrabawa, ba mai taɓa ni, har ƙannena ake kora kada su dame ni. Karatu na da daraja don ana sa ran wata rana ya zama albashi. Amma in na ce labari nake ƙagawa, sai a ce, "Au, tatsuniya?" Kuma kowa ya san ba a yin tatsuniya da rana.

Hutu biyu da suka wuce da wannan ƙarya na tsira. In buɗe littafin nahawu a gefe, in riƙa rubuta labarina a ƙarƙashinsa. Bana na kasa, don bana Inna na fama da ciwon kafaɗa, hannun damanta ba ya iya murji, ga kuma aikin Tanti ya taso.

Tanti maƙwabciyarmu ce, katanga ɗaya ta raba mu. Mijinta ma'aikacin gwamnati ne da aka turo daga wajen Maraɗi, Kiristoci ne. Duk shekara in Kirsimeti ta zo, wadda mu nan muka fi sani da Nowel, Inna ce ke jan ragamar suyar cincin ɗinta. In ƙaramar salla ta zo kuma, Tanti ce ke shigowa da tukunyarta ta gasa mana gato. Ba tun asali ake haka ba. Ina ƴar shekara goma sha uku lokacin da aka ƙona majami'u a Damagaram ranar Juma'a 16 ga Janairu 2015, washegari aka yi a Yamai, aka rasa rayuka. Na tuna ƙofar gidan su Tanti ta daɗe a rufe, ba a jin ko kukan yaro. Da Disambar wannan shekara ta zagayo, Inna ta ɗauki farantinta da kwalbar murjinta ta shiga gidan ba wanda ya kira ta. Har yau ba ta taɓa faɗin dalili ba. Da na girma na tambaye ta, cewa ta yi, "Baiwar Allah ba ta iya cincin ba, nata shan mai yake yi."

Wanda bai taɓa yin cincin ba yana ganin abin wasa ne. A tankaɗe fulawa, a murtsuke ta da bota har ta yi kamar yashi, a zuba sukari da ƙwai da madara, a kwaɓa har damtse ya yi tsami. Sannan a gutsura, a murza da kwalba a bayan faranti, a yanka tsaye a yanka kwance, a barbaɗa gari kada su manne. Wannan duk kafin a ɗora mai. Suya kuwa ba ta son mai tunanin wani abu, ka ɗauke ido kaɗan ta yi baƙi. Gato ya fi wuya, don babu tandun zamani: yashi ake zubawa a gindin tukunya, a jera gwangwanayen madara da aka shafa wa mai, a rufe, a ɗora garwashi a kan murfin, wuta sama wuta ƙasa. A Disambar 2023 kuma iyakar Najeriya a rufe take tun bayan juyin mulkin watan Yuli, fulawa da sukari da mai duk sun hau, Tanti ta sayi kilo biyar a maimakon takwas da ta saba. Ba halin a ƙona ko kasko guda. Kwana biyu cur muka yi a kai. Da dare in na ɗauki bik, yatsuna rawa suke yi, kaina kuma ba komi a ciki sai ƙaurin mai.

A daren farko na kwanta ina jin haushi, kuma haushina na da hujja, har da ta littafi. Virginia Woolf, marubuciyar Ingila, ta fitar da wani ɗan littafi a 1929 inda ta nuna cewa mace ba za ta iya rubuta ƙagaggen labari ba sai tana da kuɗinta, ta ma faɗi adadi, fam 500 a shekara, da ɗaki nata na kanta da za ta iya rufewa. Da na fara jin wannan magana a shekarar farko ta jami'a, ji na yi kamar da ni take. Ni ban taɓa mallakar ƙofar da zan rufe ba, a gida mu uku ne a ɗaki, a Yamai mun fi haka. Na ce a raina, ai ga shi, duk wanda ya taɓa rubuta abin kirki sai da ya iya cewa a'a. Baiwa amana ce, kuma wanda ya bar amanarsa ta ƙone a gindin murhu don gudun ɓacin ran mutane, shi ma ya yi laifi.

Har yanzu ban janye wannan magana ba. Abin da ya dagula ta shi ne wani abu da na sani daga baya: gidan Woolf akwai mai dafa abinci, Nellie Boxall, wadda ta yi shekara goma sha takwas tana yi mata girki. Ƙofar ɗakin nan da aka rufe, a bayanta akwai wata mace a tsaye gaban wuta.

Ba sai na je Ingila ba ma. Ta wannan gari namu Heinrich Barth ya bi, Bajamushen nan da ya kira kansa Abdulkarim, a watan Disamba 1852, zamanin Koso na sarautar Muniyo, ya shiga Damagaram ranar 25 ga wata, ranar Nowel ɗin kanta. Littafin tafiyarsa juzu'i biyar ne, kuma mu ƴan ilimin harshe muna cin moriyar kalmomin da ya tattara. Amma kafin mutum ya zauna a tanti da yamma ya cika shafuka, sai wani ya sauke kaya, wani ya ɗebo ruwa, wani ya ɗora tukunya. A cikin masu yi masa hidima a wannan tafiya akwai wani yaro Bahaushe ɗan ƙasar Damagaram, Dorugu, wanda aka kama bauta tun yana ƙarami, Adolf Overweg ya ƴanta shi, da Overweg ya rasu a Satumba 1852 ya koma hannun Barth. Ya bi shi har Tumbutu, ya bi shi har Ingila a 1855. A can ne wani ɗan mishan, James Frederick Schön, ya zaunar da shi ya riƙa rubuta abin da ke fita daga bakinsa, tarihin rayuwarsa da labarai iri-iri. Aka buga su a 1885 da sunan Magana Hausa. Sunan da ke bangon littafin na Schön ne.

Na daɗe ina juya wannan yaro a raina. Ashe yana da abin faɗa, mai yawa kuwa, tun lokacin da yake tsugune a bakin tantin wani yana jiran a aike shi. Ya ratsa ta Gure yana sa'ar ƙanwata ko ƙasa da ita. Ba wanda ya tambaye shi a ranar ko yana son a bar masa sa'a guda shi ma ya yi tunani.

Na ce ƙanwata, kuma a nan maganar ta zo gida. In na rufe kaina na ce ina rubutu, cincin ba zai fasa soyuwa ba. Inna ba za ta aika wa Tanti cewa bana a yi haƙuri ba, na san halinta. Ko ta murza da kafaɗar nan mai ciwo, ko ta kira ƙanwata, wadda ke ajin ƙarshe na kwaleji, BEPC na jiran ta a ƙarshen shekara. Ƙanena namiji, wanda ya girme ta da shekara biyu, ba ya cikin lissafin ko kaɗan. Da hantsi ya fita, sai cin abinci ke maido shi, kuma ba wanda ya taɓa ce masa ba ya aikin komi. Ke nan sa'ar da zan samu in rubuta labarina ba daga sama za ta faɗo ba, daga jikin wata za a yanko ta. Hausawa sun ce kowa ya ci zomo ya ci gudu. Duk littafin da muka karanta muka ji daɗi, mun ci gudun wani da ba a rubuta sunansa ba.

Tun da haka ne, ba wai ko marubuci zai ci lokacin wasu nake tambaya ba, ci kam dole ne. Ina tambayar ta yaya ya karɓe shi. Akwai wanda aka ba kyauta da sani da yarda. Akwai wanda ya ranta zai biya. Akwai kuma wanda ya ɗauka a ɓoye, ya buɗe littafin nahawu a gefe don kada a gane. Na ukun nan suna gare shi a Hausa, kuma hutu biyu ina yin sa ina kiran kaina mai kishin adabi.

Akwai amsa mai sauƙi da na san wasunku za su ba ni, don na sha jin ta a zamanmu na ranar Asabar: wai ai gindin murhu ma makaranta ce, marubuci na samun abin rubutu a can, hirar mata, karin magana, habaici. Ban yarda da ita ba, ta fuska biyu. Na farko, in na shiga gidan Tanti ina murji amma kunnena na farautar jimlolin da zan saka a labari, to ba taya ta na je yi ba, kiwo na je. Mutum na gane lokacin da ake saurarensa da lokacin da ake tatsarsa. Na biyu, kuma wannan ya fi yi mini ciwo, da wannan daddaɗar magana ake lallashin mata har su daina. Yayata ta fi ni iya tsara magana nesa ba kusa ba. Tana kwaleji tana da kaye cike da waƙoƙi, ni ce mai ɓoye mata shi. Yau ƴaƴanta huɗu, ta tara abin rubutu na shekara goma, hira da karin magana har sun yi mata yawa. Abin da ba ta samu ba shi ne sa'a biyu a jere ba wanda ya kira sunanta. Da na tambaye ta kayen, dariya ta yi ta ce ta manta ko wuta aka hura da shi. Ba wanda ya hana ta da baki. Kullum dai akwai abin da ya fi gaggawa, kuma kullum gaskiya ne ya fi gaggawar.

Saboda haka in na bar rubutu na tafi murji akwai asara, in na bar murji na tafi rubutu akwai wadda za ta biya. Ina cikin wannan lissafi abin da ya faru ranar 23 ya faru.

Yaran Tanti da autanmu aka ba aikin ado. An riga an shafe ɗakin da farar ƙasa, an hura balan-balan, saura sarƙar takarda da suke ratayawa daga kusurwa zuwa kusurwa. Takardar ado mai launi ta yi tsada, sai aka ce su nemi tsofaffin takardu su shafa musu launi, su yanka siri-siri, su manna da ƙaro da aka jiƙa. Ni kuwa da aka kira ni duba mai, na bar shafukan da na yage daga kaye ina gyarawa a kan tabarma, na danne da dutse. Duk sun sha gogewa da kibiyoyi da zane-zane. Yaro ɗan shekara bakwai ya gan su, me zai ce in ba shara ba? Shafi huɗu suka tafi.

Da magariba na shiga kai faranti na ɗaga kai na ga rubutun hannuna na lilo a saman ɗakin mutane, an shafe shi da ja da kore. Ban san lokacin da na fara faɗa ba. Na faɗi maganganu, har da cewa a gidan nan ba wanda ya san darajar komi sai abin da za a ci. Autanmu ya fashe da kuka. Tanti ta jawo kujera za ta hau ta sauke, tana cewa, "Yi haƙuri ƴata, wallahi ban duba ba, laifina ne." Mace mai shekarun Inna, a ɗakinta, jajibirin sallarta ya kusa, tana ba ni haƙuri a kan takarda. Inna ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Sauko, Madam." Sannan ta juyo gare ni: "In abin na da daraja haka, me ya sa ba ki taɓa gaya mana ba? Mu karatu muka san kina yi."

Ba ni da amsa. Ni ce na koya wa gidan nan cewa labarina ba wani abu ba ne, tunda ni ce na ɓoye shi kamar abin kunya. Ban taɓa roƙon lokacin ba, balle a hana ni.

Maganar da na yi cikin fushi kuma, ta abin da za a ci, ta bi ni har shimfiɗa. A ƙarƙashinta akwai wani girman kai da nake jin yawancinmu muna ɗauke da shi: cewa rubutu na dawwama, cincin kuwa kwana uku an cinye. Joseph Greenberg ya nuna tun 1960 cewa kalmomin karatu da rubutu ta hannun Barebari suka shigo Hausa, kuma kakata, wadda Manganci ne harshenta na farko, rubutu ɗaya ta sani, wanda malam ke yi a allo a wanke a sha. Ranar da ta ji an ce ina rubutu, tambaya ta yi na wane ciwo ne. A wurinta rubutun da ya yi amfani shi ne wanda ya ɓace daga allo ya shiga cikin mutum. Mu kuma fa? Wannan ɗan littafi kwafi nawa muke bugawa a na'urar hoton takarda? Mu faɗi gaskiya, kafin damina wasu shafukansa sun ƙunshe ƙosai. Cincin ɗin Inna kuwa ana cinye shi duk shekara, amma Nowel tara ke nan yana tsallaka katangar nan, kuma yaran da aka haifa bayan 2015 a gidajen biyu ba su san akwai lokacin da ƙofar ta taɓa zama a rufe ba. Ban ce ya fi labarina ba. Na dai daina tabbatar wa kaina cewa labarina ya fi shi tun kafin in gama rubuta shi.

Ban bari an sauke sarƙar ba. Da dare na koma da fitilar waya, na hau kujerar da Tanti ta jawo, babbar ƴarta na riƙe mini, ina bin zobe-zobe ina kwafe abin da ke karantuwa. Rabin kalma nan, ƙarshen jimla can. Na tsira da kamar sulusi. Ƴar Tanti ta tambaye ni abin da ya faru da matar da ke cikin labarin bayan ta sauka a tasha, kuma ita ce mutum ta farko a unguwarmu da ta taɓa tambayata haka.

Da asuba na sami Inna a kan sallaya na gaya mata komi, har da littafin nahawu. Na ce ina son daga sallar asuba zuwa fitowar rana sosai ya zama nawa, ba aike ba kira, sauran yinin na gida ne. Ta yi shiru, ta ce, "Wa zai hura wutar koko?" Na ce akwai namiji a gidan nan mai hannu biyu. Ta dube ni kamar na yi saɓo, amma ba ta ce a'a ba. Kwana uku ya hura, yana ƙunƙuni, hayaƙi ya cika gida. Rana ta huɗu ya yi sammakon fita, ƙanwata ta hura. Na ji ƙarar itacen daga inda nake zaune. Na ci gaba da rubutu na kusan rabin sa'a kafin in tashi, kuma ba zan ɓoye muku ba, shafin da na rubuta a wannan rabin sa'a shi ne mafi kyau a duk labarin. Da yamma na karɓi wankinta na ce ta je ta yi bitar lissafi. Ko wannan ya biya, ita za a tambaya.

Labarin yanzu na shafi na tara. Ƙaramar sallar 2024 za ta faɗo a watan Afrilu, daidai lokacin da jarrabawa ke matsowa, Tanti kuma za ta shigo da tukunyarta da gwangwanayenta, kafaɗar Inna ba ta warke ba. Jiya ta sa aka kira ni a waya tana tambaya ko zan zo. Na ce mata zan duba.